Duk Mai Linki Zai Iya Buɗewa: Wa Ke Karanta Takardun Ƙungiyarku?

A shekarar 2018 wani mai binciken tsaron intanet, Kushagra Pathak, ya riƙa neman bayanai a Google kamar yadda kowa ke yi, sai ga shi yana cin karo da allunan aikin ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya a dandalin Trello. Kusan 60 ya samo. A ciki akwai kalmomin sirri, da hanyoyin shiga tarukan bidiyo, da takardun cikin gida. Jaridar The Intercept ce ta fitar da labarin a watan Satumba, wata guda bayan ta ba da irinsa a kan gwamnatocin Birtaniya da Kanada. Pathak bai yi wa kowa kutse ba. Sabon allo a Trello ba a buɗe yake ga duniya ba. Wani ma'aikaci ne da hannunsa ya mayar da saitin na kowa da kowa, wataƙila don ya huta da gayyatar abokan aiki ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da Majalisar Ɗinkin Duniya ne don kada a ɗauka wannan matsala ta waɗanda ba su iya kwamfuta ba ce. Inda ake da ƙwararru da kuɗi abin ya faru, balle mu da kusan duk aikin haɗin gwiwarmu ya koma cikin waya. Kwamitin rabon kayan azumi na tattara sunaye a Google Sheets. Makarantar kuɗi na ajiye sakamakon yara da lambobin iyayensu a Google Drive. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, 'yan adashi, ma'aikatan asibiti, masu aikin agaji a sansanonin 'yan gudun hijira, kowa da foldarsa da guruf ɗinsa na WhatsApp. Abin da ke cikin takardun nan kuwa ba na wasa ba ne: lambar NIN, BVN, lambar asusun banki, kwatancen gida, sunan bazawara da yawan marayun da ke hannunta, wani lokaci har da ciwon da mutum ke karɓar magani a kansa. Masu bayanan sun bayar ne bisa amana, kuma yawancinsu ba su taɓa ganin takardar da aka rubuta su a ciki ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ba da izinin shiga aiki ne na ƙiftawar ido da kowa ke yi, amma janye shi ba a ɗora wa kowa ba. Izini sai taruwa yake yi, bana a kan na bara, har a wayi gari babu mutum ɗaya a ƙungiya da zai iya lissafa waɗanda ke iya karanta takardunta.

Mu ɗauki Google Drive, tunda shi ya fi yawa a hannun mutanenmu. Idan ka taɓa wurin rabawa, manyan zaɓi biyu ne a gabanka. Na farko, ka taƙaita: ka rubuta imel ɗin mutum, shi kaɗai zai shiga, kuma sai da asusunsa. Na biyu, duk mai linki. Mutane da yawa sun ɗauka na biyun na nufin "duk wanda na tura wa". Google bai san wanda ka tura wa ba, kuma ba ya tambaya. Duk wanda linkin ya faɗa hannunsa ya shiga, ko ta wace hanya ya same shi: ma'aji ya tura shi wani guruf bisa kuskure, ko an fizge wayar sakatare a bakin tasha, ko linkin ya zauna a kwamfutar shagon da aka je buga takarda. Idan ka taɓa buɗe takarda a Google Docs ka ga wasu ƙananan hotunan dabbobi sun jeru a can sama, to mutane ne da ke cikin takardar a daidai wannan lokaci, waɗanda ba za ka ga sunansu ba domin ta linki suka shigo. A takardar jadawalin taro wannan ba komai ba ne. A takardar da ke ɗauke da lambobin asusun mutum ɗari uku, ganin dabba ɗaya ya isa ya tayar da hankalin mai riƙe da amanar.

Wasu na cewa ai linkin dogo ne, babu mai iya cankarsa. Gaskiya ne, da wuya a canka. Sai dai linki ba ya zama inda aka ajiye shi. A watan Fabrairun 2020 ɗan jarida Jordan Wildon na tashar DW ya nuna cewa ana samun linkin shiga guruf-guruf na WhatsApp ta hanyar bincike a Google, kuma waɗanda suka bi diddigi sun tarar adadin ya kai dubban ɗaruruwa. Dalili mai sauƙi ne: wani ya taɓa manna linkin a shafin da kowa ke gani, na'urar Google mai tattara shafuka ta bi ta kwashe. Wanda ya shiga guruf ta haka yana ganin lambar wayar kowa da ke ciki.

Bayan an san wa zai shiga, sai me zai iya yi idan ya shiga. Google ya kasa izinin gida uku: mai kallo, mai tsokaci, mai gyara. Yawancinmu mai gyara muke bai wa kowa, don kada gobe a kira mu a ce "ba ya bari in rubuta". Amma mai gyara ba rubutu kawai yake iya yi ba. Idan mai takardar bai shiga saiti ya hana ba, mai gyara na iya ƙara wasu mutane, yana kuma iya mayar da takardar ta duk mai linki ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Yana kuma iya buɗe tarihin takardar ya ga abin da aka goge. A ce shugaban makaranta ya rubuta dalilin korar wani malami a cikin daftarin rahoto, daga baya ya ga bai dace ba ya share, sannan ya bai wa malamai duka izinin gyara. Maganar tana nan a tarihi, da ranar da aka rubuta ta da sunan wanda ya rubuta. Mafita a nan ita ce a yi sabon kwafi mai tsabta, shi za a raba.

Mai kallo ma ba kallo kawai yake yi ba. A saitin asali yana iya sauke takardar, ya buga ta, ko ya yi kwafinta zuwa nasa asusun. Wannan ne ke kama masu aiki da Google Sheets. Sakatare zai ɓoye layin da ke ɗauke da BVN, ya duba ya ga ba ya nan, hankalinsa ya kwanta, ya tura wa jama'a su duba sunayensu. Duk wanda ya yi kwafi zai iya fito da layin da aka ɓoye cikin daƙiƙa. An yi ɓoye layi ne don sauƙin karatu, ba don tsaro ba. Abin da ba ka so a gani, cire shi za ka yi daga takardar da za ta fita. Ko an hana saukewa da kwafi, wanda ya gani da idonsa yana iya ɗaukar hoton fuskar wayarsa, kuma babu saitin Drive da ke hana wannan.

Batun folda ya fi duka rikitar da mutane. Gidan Bahaushe ya san darajar shamaki: baƙo na tsayawa a zaure, na gida ke wucewa tsakar gida, ɗaka kuwa sai wanda ya isa. Folda a Drive ba ta da wannan tsari sai idan kai ka gina mata. Wanda ka bai wa izinin babbar folda ya sami duk abin da ke ƙarƙashinta, har da fayil ɗin da wani zai jefa ciki baɗi. Haka nan idan ka ja takardar sirri ka ajiye a foldar da mutum arba'in ke shiga, nan take arba'in ɗin sun same ta. Mu kuwa mun saba tsara folda bisa shekara ko bisa aiki, "Rabon Azumi 2024", sai a zuba komai ciki: hotunan taro, wasiƙar neman gudummawa, da jerin masu karɓa da lambobinsu. Ranar da ɗan jarida ko mai ba da tallafi ya nemi hotuna, sai a tura masa foldar gaba ɗaya. Ya kamata tsarin folda ya bi masu gani: wannan ta kowa, wannan ta 'yan kwamiti, wannan ta mutum biyu ko uku.

Irin wannan kuskure ne, a babban mataki, ya sami masu binciken ƙirƙirarriyar basira na Microsoft. Sun sanya linki a dandalin GitHub don jama'a su sauke wasu fayilolin bincike, ashe linkin ya buɗe rumbun ajiyar gaba ɗaya. Kamfanin tsaro na Wiz ne ya gano, ya bayyana a watan Satumban 2023: bayanai na terabayit 38, ciki har da kwafin kwamfutocin ma'aikata biyu, da kalmomin sirri, da saƙonnin cikin gida na manhajar hirar ma'aikata ta Teams sama da 30,000. Izinin da linkin ke ɗauke da shi bai tsaya ga karatu ba, ya haɗa da gogewa da sauya fayiloli. Wa'adin ƙarewarsa kuwa an sa shi a shekarar 2051.

Wannan 2051 ɗin ta fi linkinmu, domin namu ba shi da wa'adi sam. A nan ne nake ganin ainihin ciwon yake. Ɗan bautar ƙasa ya zo makaranta, an ba shi foldar sakamako don ya taimaka da shigar da maki. Ya gama shekararsa ya koma garinsu, izininsa na nan. Akantan da aka ɗauko ya duba lissafi na mako biyu, izininsa na nan. Tsohon sakataren da aka rabu da shi baram-baram bayan zaɓe, shi ma haka, kuma wataƙila ma shi ne mai takardun. Domin fayil ɗin da aka buɗe da Gmail na mutum, mallakarsa ne a wurin Google, ko da kuwa tambarin ƙungiya ne a samansa. Yana iya cire kowa, yana iya gogewa. Idan Allah ya yi masa rasuwa ba tare da wani ya san kalmar sirrinsa ba, babu mai iya sauya saitin da ya kulle, kuma tun daga watan Disambar 2023 Google ya ce yana iya share asusun mutum da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, tare da abin da ke ciki. Ƙungiyoyin da ke biyan kuɗin Google Workspace suna da rumbun haɗin gwiwa wanda takardunsa mallakar ƙungiya ne, suna kuma iya ba da izini mai ranar ƙarewa. Waɗanda ba su da wannan hali, aƙalla su sa tsohon sakatare ya miƙa mallakar fayiloli ga sabo tun ana ga maciji.

Dabarar da aka fi yi don kauce wa wannan ita ce a buɗe wa ƙungiya Gmail ɗaya a raba wa shugabanni kalmar sirri. Na fahimci dalilin, amma ban yarda da ita ba. Idan mutum takwas na shiga da suna ɗaya, ranar da aka sauya adadin kuɗi a takardar lissafi babu yadda za a san wa ya sauya. Cire mutum ɗaya sai an canza wa kowa kalmar sirri, shi ya sa ba a taɓa canzawa. Kuma asusun na rataye ne da lambar wayar mutum ɗaya, wanda shi ne zai iya karɓe shi duk ranar da ya ga dama. Gara asusun ƙungiyar ya zama shi ne mai fayilolin, mutum biyu amintattu su riƙe shi, kowa kuma ya shiga da nasa imel.

WhatsApp ba a yi shi don ajiyar takardu ba, amma a wurinmu shi ne ofis. Saƙonninsa a kulle suke daga waya zuwa waya, wannan gaskiya ne, sai dai kullewar ba ta duba su wa ke cikin guruf. A watan Maris na 2025 mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaron ƙasa a lokacin, Mike Waltz, ya sanya editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, cikin wani guruf na Signal, manhajar saƙo irin WhatsApp, bisa kuskure, inda manyan jami'ai ke tattauna harin da za a kai wa 'yan Houthi a Yaman. Goldberg ya karanta bayanan harin kafin a kai shi. Signal na daga cikin manhajojin da aka fi yarda da tsaronsu, kuma ba ta gaza ba; babu dai wanda ya tsaya ya duba jerin mutanen da ke ciki. A guruf ɗinmu mai mutum ɗari biyar, lambobi nawa admin zai iya cewa ga mai su? Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin waya na sake sayar da shi ga wani. Ga kuma 'yan damfarar da ke kiran mutum su ce "za a yi taron ƙungiya ta intanet da yamma, karanto min lambar da aka turo maka", da ya karanto sun ƙwace asusunsa, sun zauna a gurbinsa a duk guruf ɗin da yake. WhatsApp na da maganin yawancin wannan: admin na iya sa sai ya amince kafin sabon mutum ya shiga, yana iya soke tsohon linki ya fitar da sabo, kowa kuma na iya sa lambar sirri ta tabbatarwa mataki biyu. Duk kyauta ne.

Akwai kuma ɗabi'ar ɗaukar hoton taron bidiyo a sa a Facebook don a ga ana aiki. A watan Nuwambar 2020 ɗan jaridar Holan, Daniel Verlaan, ya shiga taron sirri na ministocin tsaron Tarayyar Turai saboda an wallafa hoton ministar tsaron ƙasarsa a Twitter da adireshin taron da yawancin lambobin shigarsa a fili.

Ba duka laifin ke kan masu amfani ba. Kamfanonin nan suna cin riba ne idan rabawa ta yi sauƙi, kuma mafi yawan mutane ba sa taɓa saitin da suka tarar. A watan Agustan 2021 kamfanin UpGuard ya bayyana cewa bayanai miliyan 38 na zaune a buɗe a shafukan da aka gina da Power Apps na Microsoft, ciki har da na rigakafin korona a wasu jihohin Amurka, saboda saitin asali bai rufe su ba sai mai shafin ya rufe da kansa. Bayan haka Microsoft ya sauya saitin. Zoom ma sai da baƙi suka yi ta faɗawa azuzuwa da taruka a farkon kullen korona kafin, a watan Afrilun 2020, ya mayar da kalmar sirri da ɗakin jira abin da taro ke zuwa da shi tun farko. A duka biyun gyaran ya zo ne bayan ɓarna, kuma ba kamfanin ne ya ɗanɗana ta ba.

Wanda ya taɓa riƙe sakatariyar ƙungiya zai ce duk wannan magana ce mai daɗi, amma Alhaji shugaba bai san kalmar sirrin Gmail ɗinsa ba, yaron shagon waya ne ya buɗe masa. Ka taƙaita takarda, kafin la'asar an kira ka sau goma, "Malam, abin nan ya ƙi buɗewa." Ƙarshenta wani ya gaji ya sauke takardar ya jefa a guruf, ta shiga wayoyi ɗari da babu mai iya janye ta daga cikinsu. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a kulle komai ba. Tsauri a kan abin da bai kai ba shi ke koya wa mutane zagaye. Jadawali, sanarwa, tsarin mulkin ƙungiya, hotunan taro, a bar su a duk mai linki, matsayin kallo. Takardun da ke ɗauke da bayanan mutane ko kuɗi su ne za a tsaya a kansu, kuma da wuya masu bukatar su su wuce mutum uku. Shugaba ba ya bukatar ganin lambar asusun kowa don ya sa hannu a rabo. Jimilla da sunaye sun ishe shi.

Kafin ma a kai ga saiti akwai tambayar da ba ma yi: me ya sa muka karɓi bayanin tun farko? Rabon shinkafa ba ya bukatar BVN. Tura wa mutum kuɗi lambar asusu da sunan banki kawai yake so. An saba ƙara layuka a fom ne don ya yi kama da na gwamnati. Masu amfani da Google Forms kuma su duba wani zaɓi da ke bai wa wanda ya cike fom damar ganin taƙaitattun amsoshin sauran. Idan yana kunne, mai neman tallafi na ƙarshe na iya karanta abin da waɗanda suka riga shi suka rubuta.

Sauran aikin na shugabanci ne. A ambaci mutum ɗaya da sunansa a taro a ce shi ke da alhakin sanin wa ke cikin wace folda da wane guruf, a kuma ɗaura bitar a kan lokutan da dama ana yin su: ƙarshen zangon karatu, bayan kammala rabo, ranar miƙa mulki. Takardar miƙa mulki a ƙungiyoyinmu na lissafa kujerun roba da janareta da littafin ceki. Ya kamata ta lissafa asusun imel, da foldoji, da sunayen admin, da lambar wayar da asusun ke rataye da ita. Bitar kanta ba ta da wuya: a buɗe wurin rabawa na kowace babbar folda, a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, wanda aikinsa ya ƙare a cire shi. Kunya ce ke hana mu, kada a ce an wulaƙanta tsohon shugaba. Idan doka ce da aka rubuta ta hau kan kowa, har da wanda ke kan kujera yau, babu wanda zai ɗauke ta cin fuska.

Doka ma ta shigo cikin maganar. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC, kuma ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka sami fallasar da za ta iya cutar da su. Nijar na da hukumarta, HAPDP, Gana kuwa tun 2012 take da tata dokar. Makaranta ko asibiti ko ƙungiyar agaji da ke tattara sunaye da lambobi kada su ɗauka bankuna da kamfanonin waya kaɗai ake nufi.

Idan har an gano takarda ta zauna a buɗe, rufe linkin shi ne matakin farko, amma ba ya dawo da kwafin da aka riga aka ɗauka. Duk kalmar sirrin da ke rubuce a ciki sai an canza ta. Sannan a sanar da mutanen da sunayensu ke ciki, wanda shi ne abin da ƙungiyoyi suka fi gudu don tsoron zubewar mutunci. Wanda ya sami suna da lambar waya da sunan banki da BVN na mace, zai kira ta ya ce daga banki ne, ya karanto mata bayananta daidai har ta yarda, sannan ya nemi lambobin katinta da lambar da aka turo mata. Idan kwamiti ya riga shi kiranta ya ce, "Hajiya, an sami matsala a takardarmu, duk wanda ya kira ki da sunan banki ko da sunanmu yana neman wata lamba kada ki ba shi," za ta kashe wayar. Waɗanda ba sa karanta saƙo a bi su ta waya ko ta hannun mai unguwa, kuma a yi shi a ranar da aka gano.